Babban Gwani, Bakan Gizo da Amanar Ginin Jama'a



Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar a babban masallacin birnin Zariya, wani sashe na ginin ya rufto a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka jikkata. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an lura da tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin faruwar abin, ana cikin shirin kawo injiniyoyi su duba sai ƙaddara ta riga fata. Labarin ya iso mana ta wayoyinmu a zangunan Kumasi da Akra da Yawunde, muka yi jimami, muka yi addu'a. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka tsaya suka tambayi wanda ya gina wannan masallaci, da kuma dabarar da ta riƙe rufin ƙasa a kan dubban kawuna har kusan shekara 190.

Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye. Mu mazauna zango ba mu cika jiran hukuma ta yi mana gini ba. Masallacin unguwa, makarantar Islamiyya, ɗakin shan magani, zauren taron jama'a, duk da karo-karo muke tayar da su, wani ya kawo buhun siminti, wata ta kawo kuɗin bulo hamsin. Saboda haka tarihin yadda magabata suka ɗora rufi a kan taron mutane tarihin aikinmu ne na yau da kullum.

Maginin ƙasar Hausa bai taɓa shan wahala wajen tayar da bango ba. Yana da jar ƙasa mai tsakuwa wadda ake kira birji. A haƙo ta, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta haɗe, sannan a mulmula tubali a shanya a rana. Tubali yana da faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi a tsaye, a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan fara da kauri daga gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, domin abin da gindi ke ɗauke da shi ya ninka abin da ke kan sahun sama. Ba a kuma yin gaggawa: sai sahu ya bushe ake ɗora wani. Da irin wannan haƙuri aka tayar da ganuwar Kano, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27.

Inda gizo ke saƙar shi ne rufi. Ƙasa tana jure danni, amma ba ta jure ja. In ka ɗora mata nauyi daga sama alhali tana zaune a kan doron ƙasa, za ta ɗauka. In ka shimfiɗa ta tsakanin bango biyu babu komai a ƙarƙashinta, cikinta zai buɗe ta zubo. Don haka dole a nemi itace, kuma itacen da gara ba ta saurin ci. Aka samu wannan a jikin giginya. Ana sare ta, a tsaga gangar gida-gida, a samu azara mai ƙarfi da nauyi wadda takan daɗe ƙwarai. Sai dai azara tana da iyakarta. In aka ɗora mata rufin ƙasa, tazarar da take iya ɗauka ba tare da ta lanƙwasa ba ba ta wuce kimanin mita biyu. Ɗakin kwana zai wadatu da haka. Masallacin Juma'a da fadar sarki da zauren alƙali ba za su wadatu ba.

Magina sun bi hanyoyi biyu tun da farko. Ta ɗaya ita ce yawaita ginshiƙai, kowane taki kaɗan a tayar da guda, har masallaci ya zama kamar kurmi, ginshiƙi yana yanke sahu yana kare wa mamu ganin liman. Ta biyu ita ce tauyi: a jera azara hawa-hawa a saman bango ko ginshiƙi, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta zuwa cikin ɗaki, har ratar da ta rage a tsakiya ta zo daidai ƙarfin azara ɗaya. Akan kuma gitta azara a kusurwoyin ɗaki don a rage faɗin da za a rufe. Waɗannan dabaru sun ƙara wa ɗaki fili, amma ba su kai ga abin da manyan birane ke bukata ba.

Bukatar ta ƙaru bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804. Sababbin sarakunan da suka karɓi tuta sun mayar da masallacin Juma'a cibiyar mulki: nan ake huɗuba, nan ake jin saƙon Sarkin Musulmi, a gefensa alƙali ke zama. A Zazzau, Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, shi ya sa aka gina masallacin da muke magana a kai, a cikin shekarun 1830. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Muhammadu Durugu, wasu suna kiransa Malam Mika'ilu, amma sunan da ya bi shi har yau shi ne Babban Gwani. Ginin ya haɗa da babban ɗakin salla, da ɗakin shari'a, da zaurukan shiga, duk a cikin katanga ɗaya. A hannun wannan bawan Allah ne fasahar da ake kira bakan gizo ta kai matuƙa.

Ga yadda ake ɗaura shi. Tun bango ko ginshiƙi bai gama hawa ba, sai a dasa rukunin azara a cikinsa, a karkato kawunansu kaɗan zuwa cikin ɗaki, a ɗaure su tam da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe. Nauyin bangon da ke danne da gindin azarar shi ke hana ta kifewa, kamar yadda mutum zai taka ƙarshen katako wani ya hau ɗaya ƙarshen. Daga nan sai a ɗaura rukuni na biyu a jikin na farko, rabinsa a manne da shi, rabinsa ya zarce, ya kuma fi shi karkata. Haka za a yi ta yi daga ɓangarori biyu a lokaci guda, gaɓa bayan gaɓa, har ƙafafun biyu su haɗu a sama a ƙulle su da azara a kwance. In an gama yaɓe, ido ba ya ganin gaɓoɓin, sai lanƙwasa guda mai kama da bakan gizon da ke fitowa bayan ruwa. Idan baka biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiyar ɗaki kamar itacen bakin guga, shi ake kira ɗaurin guga, kuma a mahaɗarsu ne ake manna tasa ko faranti don ado.

Da zarar ƙafafun baka sun tsaya, faffaɗan rufi ya rarrabu zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi bai fi ƙarfin gajeriyar azara ba. Sai a jera azarar, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa, a fitar da tulluwa. Nauyi kuwa yana da hanyarsa sananniya: daga ƙasar rufi zuwa gajerun azara, daga su zuwa ƙafafun baka, daga baka zuwa ginshiƙi da bango, daga nan ya sauka ƙasa. Ta haka aka iya rufe ɗaki mai faɗin mita bakwai ko takwas babu ginshiƙi a tsakiya, da itacen da shi kaɗai bai iya ƙetare mita biyu.

Wanda ya san aikin kankare na zamani zai gane ƙa'idar nan take. Kankare ma danni yake jurewa, shi ya sa ake saka masa rodi ya ɗauki ja. Wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, ya yi rajistar dabarar saka ƙarfe cikin siminti a 1867. Kimanin shekara talatin kafin haka, a Zariya, azara tana yi wa ƙasa aikin da rodi ke yi wa kankare. Babban Gwani ba ya rubuta lissafi a takarda, amma ya san iyakar kowane abu da ke hannunsa, ya san ta inda nauyi ke bi, ya kuma san cewa ba a ɗora sabuwar gaɓa sai ta ƙasa ta bushe.

Tsayar da gini rabin aiki ne, sauran rabin kare shi daga ruwa. Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne damina, kuma magina sun yi mata tanadi daga sama har ƙasa. Ana shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da ruwan dafara, ko a yi amfani da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Ana karkata rufin yadda ruwa zai gangara zuwa indararo, shi kuma ya watsa shi nesa da jikin bango. Rawani yana tsare bakin rufi, dakali yana tsare gindin bango daga zaizayar ruwa. Bayan duk wannan akwai yaɓen shekara-shekara: kafin ruwa ya sauka a hau sama, a duba tsaga, a toshe, a share indararo. Duk Bahaushe ya san cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ruwa ya fi ƙadangare iya neman tsaga. In ya kai ga azara ta ruɓe a ɓoye, rufin yana iya zama lafiya a ido alhali ƙashinsa ya mutu.

Wannan ilimi yana da tsarin da ya riƙe shi. A manyan birane akwai Sarkin Magina, wanda ke da alhakin gine-ginen fada da masallaci da ganuwa, shi ke tara magina in aikin sarki ya taso. Yaro yakan fara da ɗaukar ƙasa da cilla tubali, ya yi shekaru kafin a bar shi ya ja bango, kuma ba kowane magini ne ake sakar wa ɗaurin baka ba. Jama'ar gari su ke kawo ƙasa da ruwa da ƙarfin jiki ta hanyar gayya, amma yanke shawarar kaurin ginshiƙi da faɗin baka na gwani ne shi kaɗai. Attajirin da ya ba da dukiya ba ya sa baki a nan. Kowa kuma ya san hannun da ya yi gini, in ya tsaya sunansa ne, in ya faɗi sunansa ne. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a birnin Zariya.

Baka ta adana wani labari game da ƙarshen rayuwarsa, cewa bayan ya yi wa wani sarki gini a Birnin Gwari sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama, kuma abin da yake nunawa shi ne girman da mutane suka ba aikinsa. Ana kuma danganta masa gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, na wajen 1860, wanda yana cikin gine-ginen farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa a Nijeriya, a 1956. Daga shekarun 1950 wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna irin waɗannan gine-gine yana zana su. Aikinsa ya fito cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos an yi kwafin masallacin na Zariya. Shi kuwa ainihin masallacin, a shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, tsohon ɗakin salla ya koma a ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan fasaha ta tsaya a ƙarni na 19. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, dattawa sun yanke shawarar gina masallacin Juma'a a 1962, suka damƙa aikin ga wani manomi magini, Falke Barmu. Ya fara da ɗaki mai sauƙi mai ginshiƙai. A 1975 ya sake rufin da baka da tulluwa, sannan tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi. Mutanen gari su suka yi tubali, suka ɗebo ruwa, suka kawo itace da hatsi, kowa gwargwadon ƙarfinsa. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Abin lura shi ne an yi shekara ashirin ana ƙari a kan ginin, amma duk ƙarin ya bi ta hannun mutumin da ya san abin da ke cikin bangon tun daga harsashi. A garin Dandaji kuma, a 2018, masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili, sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. Ilimin makaranta da na gado sun zauna a kan tabarma ɗaya, aikin kuma ya yi kyau.

To, mu fa? Kakanninmu da suka bi hanyar fataucin goro zuwa Gwanja, da waɗanda suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra bayan yaƙin Salaga na 1892, da waɗanda suka zauna a unguwar Briqueterie ta Yawunde da New Bell ta Duwala, sun tafi da harshe da malanta da kasuwanci da ɗinki da fawa. Bakan gizo bai bi su sosai ba, kuma akwai dalili. Ruwan kurmi ya fi ƙarfin rufin ƙasa, giginya ba ta wadata a can, ga kwano ya zo da sauƙi. Daga baya siminti da rodi suka mamaye ko'ina. Sauya kayan gini ba laifi ba ne. Asarar da muka yi ita ce ta tsarin da ke bayan kayan: gayya ta biyo mu, gwani bai biyo mu ba. Sau da yawa kwamitin masallaci ne ke yanke yawan rodi, gwargwadon abin da aka tara ranar Juma'a.

Hatsarin da ke cikin haka ba na Musulmi kaɗai ba ne. A watan Oktoba na 2020 wani ginin coci mai hawa da ba a kammala ba ya rushe a Akyem Batabi, a yankin Gabashin Gana, fiye da mutum 20 suka mutu. Duk al'ummar da ke gini a hankali, shekara bayan shekara, da kuɗin sadaka, tana fuskantar jarrabawa iri ɗaya: a ƙara bene a kan harsashin da aka haƙa don hawa ɗaya, a bar rodi a waje yana shan ruwa yana tsatsa har shekara biyar, a sauya magini sau uku babu zane a hannun kowa.

Akwai abubuwan da ya kamata duk wanda ke cikin kwamitin gini ya sani. Ginin taron jama'a ba ɗaya yake da gidan kwana ba: injiniyoyi sukan yi wa daɓen gida lissafin kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, amma wurin da mutane ke cunkushewa a tsaye sukan yi masa lissafin kusan kilo 500. Benen da aka zuba don ajin yara ashirin ba lalle ya ɗauki sahun mata a daren ashirin da bakwai ga azumi ba. Tankin ruwa mai lita 1,000 nauyinsa tan guda ne, ban da nauyin tankin kansa, ba a ɗora shi inda aka ga dama. Kankare yana bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, don haka cire katakon da ke tallafe da shi da wuri don a mayar wa mai haya ganganci ne. Yashin bakin teku yana da gishiri mai cin rodi daga ciki, abin da ya shafi 'yan'uwanmu na Akra da Duwala musamman. Ba a cire ginshiƙi don a daidaita sahu sai wanda ya san nauyin da ke kansa ya duba. Waɗanda kuma suke da tsohon masallacin ƙasa a arewacin Gana ko Kamaru ko Cadi su sani cewa shafe shi da siminti yakan tsare danshi a cikin bango ya ci shi a ɓoye, yaɓen ƙasa ya fi masa alheri.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da zai zama baƙo ga Babban Gwani. Jiran kankare ya yi ƙarfi shi ne jiran gaɓar baka ta bushe. Kare rodi daga tsatsa shi ne kare azara daga ruɓa. Injiniyan gini mai lasisi, wanda zai duba ƙasa, ya yi lissafi, ya sa hannu a zane ya ɗauki alhaki, shi ne ke zaune a gurbin Sarkin Magina a yau, kuma Alhamdu lillahi zangunanmu sun haifi 'ya'ya maza da mata da suka karanci wannan fanni. Kuɗin da za a ba shi bai kai na tayil da fitilun ado da muke rige-rigen saya ba. Idan abin da aka tara bai isa a yi bene mai inganci ba, a yi hawa ɗaya mai inganci, a ajiye zanen a wurin da kwamitin gaba zai same shi.

Kafin damina mai zuwa, ina roƙon dattawanmu da limamanmu da matasan kowace unguwa su ware yini guda, kamar yadda magabata ke ware lokacin yaɓe. A zagaya masallaci da makaranta, a ɗaga kai a dubi rufi. In an ga tsaga a ginshiƙi ko a ƙarƙashin bene, ko kankare yana ɓarewa rodi ya bayyana da tsatsa, ko ƙofa ta fara cijewa ba dalili, a kira masani, a kuma janye mutane daga wurin tun a ranar, ko da za a yi salla a fili. A Zariya kwana ɗaya ne tsakanin ganin tsaga da rushewa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a masallacin Zariya, ya jiƙan Babban Gwani da Falke Barmu da sauran maginan da ba mu san sunayensu ba, ya tsare jama'armu a duk inda suka taru. Wanda ya san tarihin ginin masallacin unguwarsu, da sunan maginin da ya fara shi, ya rubuto mana a ƙasa domin mu adana.